Jirgin da Bai Koma Ba

Haɗeja,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗan da bai taɓa sa shi zubar da hawaye ba sai na farin ciki. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda aka tura ka, Ya kuma sa su ma su ce sun haɗu da na kirki. Innarka ta ce in gaya maka yajin da ta daka maka yana ƙasan jaka cikin gwangwani, kada ka bar shi a buɗe, don damshin Tudun Marke ba ya barin komai. Ta san wurin, a can ta yi goyonka.

Na san dariya za ka yi. Shekara talatin muna fita ta zaure ɗaya, sai yau tsoho ya tashi ya rubuto maka wasiƙa kamar mai neman aiki. To, yi dariyarka ka gama. Akwai maganar da bakina ya kasa furtawa kana zaune a gabana, na gwada sau uku a makon nan, duk sai in ɓuge da tambayarka ko ka sayi gidan sauro. Shi ya sa na ce wa innarka ta ba ka takardar nan a hannu, ta ce maka ka karanta ta a cikin mota. Kada ka jira sai ka sauka. Ina so ka gama ta kafin ka kai bakin gulbi, domin mutumin da zai ƙetare da kai yana cikin labarin.

Da farko dai godiya. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da aka kira ɗana hedimasta. Abokanka da yawa sun guje wa alli, wasu suna tuƙa adaidaita, wasu suna kasuwar shinkafa, kuma ban ga laifin kowa ba. Kai ka zauna a aji shekara bakwai a cikin gari ba ka taɓa dawo mini gida kana zagin ɗan wani ba. Wannan kaɗai ya ishe ni alfahari. Sai kuma ga ikon Allah, duk faɗin ƙasar Haɗeja aka rasa inda za a tura ka sai makarantar da na riƙe ina sa'anka.

Ka tuna ranar da ka shigo da takardar canjin wurin aiki? Tare da ita aka ba ka takardar sakamakon bara, wadda ake jera makarantun firamare a gwada kowace da matsakaicin makin jiha. Ka shimfiɗa ta a kan tabarma, ka bi da yatsa har ƙasa kafin ka sami Tudun Marke. Na ga fuskarka ta canza. Sai ka ɗaga kai ka dubi takardar yabon nan tawa da ke rataye cikin gilashi a falo, wadda ka tashi kana gani tun ba ka iya karanta ta ba, ka ce, "Baba, ka bar ni da su. Kai ma a ƙasa ka same ta, ka haye da ita sama da jiha. Yadda ka yi haka zan yi." Innarka ta ce amin, baki har kunne. Ni kuwa ina cin tuwo, lomar da ke hannuna ban iya kai ta baki ba. Abba, kada ka yi yadda na yi. Ba ka san yadda na yi ba.

Bari in soma daga kuskurena na farko, shi ne ƙarami.

Shekarar da na je, na raina takardar sakamako. Aka kira mu taron hedimastoci, mai duba makarantu ya tashi yana karanta sunaye daga sama zuwa ƙasa, sai da ya kusa zama sannan ya ambaci tawa. Na dawo ina huci, na ce wa malamaina aikin mutanen ofis ne, waɗanda ba su taɓa cire takalmi sun shiga taɓo ba. Ta yaya za a gwada yaron da ke zuwa makaranta a kan kwalta da wanda ambaliya ke raba shi da ajinsa makonni? Maganar gaskiya ce, kuma har yau ina kanta. Amma na mayar da ita bargo na lulluɓe da ita. Duk abin da ya lalace sai in ce ruwa ne.

Akwai wani dattijon malami da na tarar a can, Malam Jibo, Allah Ya jiƙansa. Ba shi da takardun da nake da su, kuma na riƙa nuna masa hakan fiye da yadda ya kamata. Wata rana da rani, ƙasa a bushe ƙayau, ya ce in zo ajinsa. Ya rubuta jimla ɗaya ta Hausa a allo, ya kira yaran aji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka karanta ta ba su cika benci ɗaya ba. Ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau dai babu ruwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ji haushinsa har kwana uku, don ya yi gaskiya.

To, kada ka raina takardar nan. Ba ta san sunan kowa ba, ba ta san ruwa ba, amma idan ta ce yaranka suna baya, je ka aji ka duba da idonka kafin ka buɗe baki. Ka kira yaro ka ba shi littafi. Abin da za ka ji da kunnenka ya fi duk uzurin da za ka shirya wa ofis. Kuma ka ajiye wani ma'auni naka na kanka a aljihu: yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba a farkon zango, yanzu yana ina? Wannan ba za a karanta shi a taro ba, amma shi za ka kwana da shi.

Daga raini sai na faɗa ɗaya ɓangaren, na mayar da takardar alƙiblata. Nan ne na yi kuskure na biyu.

Ka san yadda shekarar wurin take, ko da yake ka bar can kana tatata. Da ruwa ya ja baya, shinkafa ta fara nuna, sai jan baki su sauko. Ba ka taɓa ganin tsuntsu ba sai ka ga wannan. Suna kwana cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, su taso garke guda, gonar da suka sauka a kanta kuwa sai dai mai ita ya yi haƙuri. Don haka duk gidan da ke da yaro, gona zai tura shi da gwangwani da igiya. Da an huta kaɗan kuma alkama ta fitar da kai, a sake komawa. Aji shida nawa sai ya koma rabi. Ni kuwa na ɗauki bulala na riƙa tsayawa a ƙofar makaranta, wanda ya zo a makare in zane shi, wanda bai zo ba in aika wa ubansa da baƙar magana. Har gaban mai gari na je na ce mutanensa ba sa son ilimi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, kai albashinka tsuntsu ba ya ci." Aka yi dariya, ni kaɗai ban yi ba.

Malam Jibo ya zo mini da shawara. Ya ce jan baki da sassafe suke ɓarna, sai kuma da yamma. Idan rana ta take, komawa suke yi inuwa, yaran ma zama kawai suke yi a bakin gona. Me zai hana a makonnin tsuntsu mu ja darasin lissafi da karatu zuwa tsakar rana? Na ce masa jadawali daga ofis ya zo, ni ba zan taɓa shi ba. Ban ko tambayi ofishin ba. Wanda ya gaje ni ya tambaya, aka ce masa ya yi, kuma na ji labarin yaran sun riƙa zuwa da gwangwanayensu a hannu, su jingine su a bakin aji. Shekara biyu na yi ina dukan yara a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware.

Saboda haka idan ka ga benci babu kowa, kada ka fara da fushi. Bi sawun yaron ka ga inda yake. Zauna da iyaye a inda suke zama, ka sha furarsu, ka tambaye su yaushe ɗansu ke da sarari. 'Yan ruga da ke zuwa daga wajen Baturiya suna da lokacinsu, masunta suna da nasu. Ba wanda ya ƙi ɗansa ya iya karatu. Kuma in Allah Ya ba ka Malam Jibo naka, ko da rigarsa ta koɗe, ka ba shi kujera.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka fi ni sanin lissafin, amma bari in faɗe shi, don a cikinsa Shaiɗan ya same ni. Ana tara makin yaran da suka zauna jarrabawar fita aji shida, a raba da yawansu. Waɗanda suka zauna, Abba. Wanda bai zauna ba, takarda ba ta san an haife shi ba. A shekarata ta uku na zauna da rajista a ofishina, na dubi sunaye, na ga akwai yara tara da na tabbata za su ja mu ƙasa. Duk 'yan korar tsuntsu ne da 'ya'yan masunta, waɗanda suka fi kowa rasa darasi. Na ce a raina ai ko sun zauna ba ci za su yi ba, me ya rage su da shi? Da na tashi aika sunaye, sai na tsallake su. Ba wanda ya sa ni. Ba wanda ya sani, har Malam Jibo.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yadda zan gaya musu. Kullum sai in ce gobe. Suna zuwa darasin ƙari tare da kowa, suna haddace jadawalin sau, ni ina kallonsu. Har ranar ta zo ban faɗa ba.

A lokacin ba a makarantarmu ake rubuta jarrabawar ba, sai an ƙetare gulbi an taka zuwa babbar makarantar da ke kan hanyar mota. Mai fiton garin, Malam Audu, shi ya saba kai mu. Da safe muka taru a bakin ruwa. Kowane yaro an wanke masa riga, wasu an shafa musu mai har fuska na ƙyalli, fensir a hannu. Iyaye mata sun rako su suna ta addu'a. Na fito da takardata na kira sunaye, waɗanda na kira suka shiga jirgi. Tara suka rage a tsaye. Ɗaya daga cikinsu Alhasan ne, ɗan Malam Audu na cikinsa.

Alhasan ya ce, "Malam, mu fa?"

Na ce, "Jirgi ya cika. Ku jira sawu na biyu."

Jirgin bai cika ba. Kowa yana ganin wurin zama. Amma hedimasta ne ya faɗa, sai suka koma gindin marke suka zauna a jere, suna kare rigunansu daga ƙasa. Malam Audu ya dubi ɗansa ya ce, "Zauna nan, kada ka je ko'ina, yanzu zan dawo." Ya sa gora ya tura mu.

Da muka isa ɗaya gaɓar, yara suka fita, ya fara juya jirgi. Na ce masa, "Malam Audu, ba sai ka koma ba. Sunayensu ba su fito ba." Haka na faɗa, ba su fito ba, kamar daga sama ake sauko da su. Ya tsaya da gora a hannu yana dubana. Bai tambaye ni dalili ba. Can ya ce, "To, Malam." Ya ɗaure jirginsa ya zauna a ciki. Daga baya na gane abin da ya hana shi komawa: bai san abin da zai ce wa yaron ba. Nan ya wuni har muka fito, ya kwaso mu ya dawo da mu.

Da muka doso gari bayan la'asar, na hango su. Bakwai sun gaji sun tafi. Biyu suna nan gindin marke, Alhasan da wata yarinya, Talatu. Da suka ga jirgi suka miƙe tsaye, suka kakkaɓe riguna. Har a lokacin suna tsammanin su aka zo ɗauka.

Sakamako ya fito, Tudun Marke ta haye matsakaicin jiha, abin da ba a taɓa gani ba. A taron hedimastoci aka sa na tashi tsaye aka tafa mini. Aka ba ni takardar nan da ka sani, ba a jima ba aka dawo da ni cikin gari. Ranar da za mu taso, Malam Audu ne ya ɗauko kayanmu, ya riƙe hannun innarka ta shiga jirgi kana bayanta. Malam Jibo ya rako ni bakin ruwa, ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe. Mun ga sakamako." Bai ce barka ba. Duk garin shi kaɗai bai ce mini barka ba.

Cikin taran nan babu wanda ya sake taka makaranta. Ba zan ce maka da sun zauna da sun ci ba, ban sani ba. Abin da ya hana ni sakat ke nan, ban sani ba, su ma ba su sani ba, kuma ni na hana a sani. Wataƙila biyu su ci. Wataƙila ɗaya. Ko da duk sun faɗi, da sun faɗi a kan benci kamar kowa, su koma gida su ce mun rubuta. Na ɗauki yara na sayi tafi da su.

Za ka ce yanzu zamani ya canza, sunaye a na'ura suke, ba a tsallake kowa. Na ji. Amma hanyar barin yaro a bakin ruwa ba ɗaya ba ce. Akwai a ce ya maimaita aji biyar alhali ba don amfaninsa ba ne. Akwai a daina kiran sunansa a aji har ya gaji ya daina zuwa. Akwai a tara masu ƙoƙari a gaba a yi ta fama da su, na baya su zama kayan ɗaki. Duk wanda ya zo maka da irin wannan dabara, ko da murmushi ya zo, ko ya girme ka a aiki, ka ce masa babanka ya riga ya gwada. Idan makarantarka za ta zauna ƙasa da jiha da yaranta duka a ciki, ta zauna, ka ci gaba da aiki. Za ka sha kunya a taro, na sani, na sha ta. Wannan kunyar zuwa la'asar ta wuce. Ɗayar kuwa ga ni da furfura ina ɗauke da ita.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shiru. Na rataye takardar a falo saboda baƙi suna tambaya, daga baya kuma na kasa sauke ta saboda kai. Kana ƙarami kakan kawo abokanka ka nuna musu. Ta yaya zan ce maka ƙarya ce? Malam Audu ya rasu, na ji, ban je gaisuwa ba. Sau biyu na hango Alhasan a kasuwar kifi ya kawo banda, ya zama magidanci, kamar ubansa sak. Duk biyun sai na tsinci kaina a layin masu tattasai ina taya abin da ba a aike ni ba. Tsohon hedimasta guda, yana ɓuya a bayan buhu. In ka yi wa wani laifi, Abba, ka je da wuri. Kullum ka ƙara kwana, ƙafar ƙara nauyi take yi.

Ranar Asabar da ta wuce, kana wajen sallama da malaman tsohuwar makarantarka, aka yi sallama a zaure. Na fito na ga mutum da kwali ɗaure da igiya, ƙamshin banda ya cika wurin. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Tun kafin ya ɗago na gane shi.

Ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba ko? Alhasan ne, na Audu mai fito."

Na ce na gane shi. Muka zauna. Ya ce labari ya iso musu cewa ɗan Malam ne sabon hedimasta, gari kowa na murna. Shi ne yanzu shugaban iyayen yara, kuma shi ya gaji jirgin. Ya ce sun share maka ɗakin da ke kusa da masallaci, sun yi masa sabon daɓe, matarsa za ta riƙa aiko maka da tuwo har ka kawo iyalinka. Yana ta lissafi, ni kuwa kunnena ba ya ji. Na katse shi na ce, "Alhasan, ranar jarrabawar nan, sunayenku ba ƙin fitowa suka yi ba. Ni ne ban aika ba."

Ya yi ɗan murmushi yana wasa da igiyar kwalin. Ya ce, "Ai mun sani, Malam. Baba ya gane tun a ranar. Ya ce kada wanda ya ɗaga maganar, malami ne, kuma ya koya mana abin da ya koya mana."

Shekara kusan talatin ina ɓoye abin da duk gari ya sani. Suka sani suka ɗauko mini kaya, suka sani suka share wa ɗana ɗaki. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Wallahi na yafe tuntuni. Da zafi kam, ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ba na son bi ta gindin marken nan. Amma ai karatun da nake duba saƙo da shi a waya, a ajinka na samo." Na tambaye shi Talatu, ya ce tana aure a wajen Miga, da jikokinta. Na ce in ya sami hanya ya isar mata da roƙona, ya ce zai yi. Sauran bakwai ɗin ma ya kira mini su ɗaya bayan ɗaya, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ban ji kunyar hawaye a gabansa ba.

Ban san da wane baki zan gode wa mutanen nan ba. Ban cancanci ko kifi ɗaya cikin kwalin ba, ga shi innarka ta yi miya da shi kwana uku, kai ma ka ci ka ce ka daɗe ba ka ji banda mai daɗinsa ba. Na gode wa Allah da bai ɗauki raina ba sai da Ya kawo Alhasan zaurena, tunda ni na kasa kai kaina. Na gode kuma da Ya sa kai ne za ka koma can. Ba don ka biya mini ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Sai don na san irin ɗan da na haifa.

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin titi. Har ya hau babur sai ya sauko, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce yana da 'ya a aji shida bana, sunanta Rabi. Ya ce ba ta da sauri, karatu sai ta bi da yatsa, lissafi kuwa sai addu'a, kuma ta rasa makonni a lokacin tsuntsu don ba shi da wanda zai tura sai ita. Amma duk safiya ita ke riga kowa wanke ƙafa. Na ce masa zan gaya maka ka sa ido a kanta. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, ni ba na roƙon ta zo ta ɗaya. Ba na ma roƙon ta ci, wannan na Allah ne. Ka dai ce masa ta shiga jirgin."

To, na faɗa maka.

Takardar falo na sauke ta jiya bayan ka fita. Wurin ya bar alama a bango, fari fes, innarka ta ce sai an yi fenti. Na ce ta bar shi haka. Ita ma na gaya mata komai, ta ce dama ta daɗe tana mamakin abin da ya sa ban taɓa goge gilashin da hannuna ba.

In ka sauka daga mota za ka taka kaɗan zuwa bakin ruwa. Za ka ga mutum dogo, mai ɗan gemu, da gora a hannu. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe da yayanka. Kada ka tayar masa da maganar, ya riga ya rufe ta. In kun wuce marken, in har yana nan, ka yi wa Malam Audu da Malam Jibo addu'a. Sannan ka kama aikinka. Ka duba takardar jiha sau ɗaya a zango, ka duba fuskokin yaranka kullum. Ina fatan wata rana ka haye matsakaicin nan, zan fi kowa murna, in ina raye har rawa sai na taka ko gwiwa ta ƙi. Amma an ce mini har yanzu ƙetarewa ake yi ranar jarrabawa. Idan ranar ta zo, ka tsaya a kan gaɓa da rajistarka, ka kira kowane suna da ke ciki. In jirgi ya cika da gaske, kai za ka jira sawu na biyu, tare da waɗanda suka rage. Kada ƙafarka ta taɓa jirgin nan sai yaron ƙarshe ya zauna.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ubanka. Ya kare ka daga sharrin ruwa da na sauro da na son yabo. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa mutanen Tudun Marke su yi maka addu'a a bayan idonka. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira innarka da zarar ka sami sabis, ka san halinta, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka.

Ka gaishe mini da Rabi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sabo